Shekarar da Muka Koma Gidan Sista

Ginin dutsen nan da ke bakin hanya tsakanin Batsari da Safana, kowannenku da sunan da ya san shi da shi. Manyanku a cikinsa suka fara karatun boko, ƙananan a barandarsa aka yi musu allurar rigakafi, jikokina kuwa asibitin haihuwa suka tarar. Ni da Gidan Sista na san shi. Mutanen zamanin da, in sun rage murya, gidan kutare suke cewa. Na daɗe ina jin maganganu suna yawo a cikin dangi a kan zaman da muka yi a can: wai kakarku ta bar salla a hannun Nasara, wai mahaifinku ya bar gidan ubansa don kwaɗayin ɗaki mai rufin kwano. Ban taɓa tsayawa na tanka wa kowa ba. Yanzu waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni, saura ni kaɗai, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi daga bakina.

An gina gidan ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. Magina daga Katsina aka kawo, duwatsun kuwa daga dutsen da ke bayan gidan aka farfaso su. Dogon gini ne, ƙananan ɗakuna a jere kowanne da tagarsa, sai wani babban ɗaki a ƙarshensa inda suke addu'a, da ɗakin girki a baya, da rijiya mai zurfi da aka ɗaure da siminti tun daga baki har ƙasa. Mata uku ne suka zauna a ciki, 'yan ɗariƙar Katolika, kullum cikin fararen kaya da lulluɓi. Biyu Turawa ne, ɗaya baƙa ce daga gabashin ƙasar nan, ana ce mata Sista Rosa, ita ce mai jin Hausa sosai. En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta ba su izinin zama a kan su ba da magani kawai, musamman ga masu kuturta. Matan ƙauyuka ba maganin ne ya fi ba su mamaki ba. Abin da suka kasa ganewa shi ne mata uku baligai a gida ɗaya, ba miji, ba ɗa, kuma ba a taɓa jin su suna faɗa ba.

Ina da kamar shekara bakwai tabo ya fito wa mahaifiyata a baya. Inna muke ce mata. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Babban Duhu. Ba wanda ya kira sunan ciwon a gabana, sai dai na ga an ware mata ƙwaryarta da ludayinta, an ɗauke tabarmata daga ɗakinta an kai ɗakin kakata. Da abin ya fara taɓa yatsunta, mahaifina ya ɗora ta a kan jaki ya kai ta Gidan Sista. Inna ta sha ba ni labarin isarsu. Ta ce tana sauka ta ɓoye hannayenta cikin zani, sai baƙar Sistar nan ta zo ta zaro hannun, ta riƙe shi a cikin nata ba tare da ta sa wani ƙyalle ba, tana jujjuya shi tana tambayarta sunan 'yarta. Ta ce rabon da wani ya taɓa ta tun kafin damina, har ta manta yadda ɗumin hannun mutum yake.

Ta yi shekaru a bukkokin da ke bayan gidan tana shan ƙwayoyi. Ni kuma aka kai ni riƙo wurin gwaggona a Safana, ranar kasuwa a kai ni in gan ta. Daga baya Sista Rosa ta gaya mata cewa ciwon ya mutu, yatsun da suka tafi ba za su dawo ba, amma ba za ta sa wa kowa ba ko da a akushi ɗaya suke ci. Inna ta koma ƙauye da murna. Ta tarar da ƙwaryarta tana nan a inda aka ware ta, kuma ba wanda ya yi niyyar mayar da ita cikin sauran. Ba a jima ba mahaifina ya rasu. Tana gama takaba ta ɗaura 'yan kayanta ta koma Gidan Sista da ƙafa, ta ce a ba ta ko shara ce. Sista Rosa ta kai ta ɗakin girki ta nuna mata tukwane.

Inna ta ce, "Sista, in na dahwa wa za shi ci?"

Ta ce, "Ni. In bai yi daɗi ba kuma zan gaya miki."

A kan maganar salla kuwa, ku riƙe wannan. Sista Rosa ce da kanta ta sayo wa Inna buta a kasuwa, ta sa aka share mata wuri a gindin mangwaro. Da asuba su suna kaɗa 'yar ƙararrawarsu su shiga ɗakin addu'arsu, ita tana alwala a bakin rijiya. Da azumi ba sa barin ta tsaya gaban murhu da rana. Har ta koma ga Allah ban san ta sha salla ɗaya da gangan ba.

Aka yi mini aure a Batsari. Mahaifinku tela ne a lokacin, yana da kekensa a rumfar kasuwa, ana ce masa Malam don ya yi karatun allo mai zurfi. Mahaifiyarsa, wadda kuka sani da Iya, ita ce mai gidan tun rasuwar mijinta. Ta san wace ce uwata, ba a ɓoye mata ba. Abin da ta ce tun farko shi ne, yarinya dai lafiyarta ƙalau, ta shigo, amma uwar tana can mu muna nan. Inna ba ta zo bikina ba. Ta aiko da tasoshi da 'yar akuya, da saƙon cewa in yi haƙuri da mutane. Iya kuwa ba ta taɓa cuta ta ba. Da na haifi yayarku, ita ta yi mini wankan jego, ita take goya ta in ina daka.

Sistocin sun tashi ne a shekarar da ƙasa ta rikice, gab da yaƙi. Mutanen gabas suna ta barin arewa, aka aiko babbar mota ta kwashe su da akwatunansu. Sista Rosa ta damƙa wa Inna makullan gidan a ɗaure da igiya, ta ce ta riƙe gidan, in hadari ya taso ta rufe tagogi. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Inna ba ta fasa sa ta a addu'a ba, wai Allah ya kai ta gida lafiya, ko bayan an yi shekaru da gama yaƙin. Masu jinya suka watse. En'e ta ɗan ajiye buhunan gyaɗa a ɗakunan, sai 'yan dako suka riƙa ƙin shiga, aka daina. Malaman dabbobi suka ajiye magungunansu na rani ɗaya, su ma suka tafi. Gida ya rage daga Inna sai jemagu. Tana kwana a ɗakin girki da awakinta, amma kowace safiya sai ta ɗaura tsintsiya a wuyan hannunta da tsumma ta share ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, har da ɗakin addu'ar, ta sake kullewa.

Sai ga shekarar da aka canja kuɗi, fam ya tafi naira ta zo. Ku a makaranta kuka ji labarin farin shekarar, mu a cikinmu muka ji shi. Damina biyu a jere gero yana fitowa ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Mata suka shiga daji neman tafasa da yaɗiya, dusar da ake ba dabbobi ta zama abin tankaɗewa a dama. Daga arewa kuma mutane suka riƙa gangarowa, Fulani da Buzaye, suna kora sauran shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, suna nufin dajin Rugu. Shanun suna faɗuwa a hanya, masu su suna ɗan tsayawa a kansu, sannan su wuce. Rijiyoyin gari suka koma laka. Ni a lokacin ina da yayarku, tana da kamar shekara biyar, da Abdu da na yaye, ga kuma cikin Shehu ya fito.

Wata ranar kasuwa na roƙi Malam ya bar ni in je in duba Inna. Na bar yaran wurin Iya, na ɗaure 'yar dawa a bakin zani na hau motar 'yan kasuwa, da niyyar in dawo kafin magariba. Tun daga kan hanya na ga hayaƙi yana tashi a gidan da na saba gani shiru. Tsakar gidan cike da mutane, wasu a gindin mangwaro, wasu sun yi layi a bakin rijiya, don ita kaɗai ce a yankin ba ta ƙafe ba. Ƙofofin ɗakunan Sistocin duk a buɗe. Na leƙa babban ɗakin na ga an ture bencina gefe, mata a zazzaune a ƙasa, yara a kwance jikinsu duk ƙyanda. Na sami Inna a baya, gaban babbar tukunyar da Sistoci ke dafa wa masu jinya, tana dama kunu da muciya a maƙale tsakanin hannayenta biyu.

Na ce, "Inna, wa ya ce ki buɗe?"

Ta ce, "Rana ta buɗe. Ɗiyan nan suna kwance cikin rana, ga ɗakuna da inuwa a kulle. Cewa anka yi in riƙe gida, ba a ce in riƙe shi wohi ba."

Wata Bafulatana doguwa mai suna Dije ta zo da ƙwarya. Inna ta yi yadda ta saba yi da kowa, ta zuba kunun ta ajiye a ƙasa ta ja da baya, don mai karɓa ya ɗauka ba tare da ya kusance ta ba. Dije ta ce mini tun zuwansu take hana ta wannan ajiyewar ba ta ji. Ta ce su da suka bar 'ya'ya biyu a ƙarƙashin ƙasa a hanya, yatsun tsohuwa ne za su tsorata su? Ta durƙusa ta karɓi ƙwarya ta gaba daga hannun Inna, ta ce mata, "Mi yetti, Inna," wato ta gode.

A lokacin ne na lura da hannayen. Ciwon ya tafi da jin zafi a cikinsu, wuta tana cin ta ba ta sani ba. Gefen tukunya ya ƙona su sun yi bororo, wasu sun fashe, ita kuwa tana ta aiki. Na ƙwace muciyar na zaunar da ita, na wanke mata, na shafa man kaɗanya na naɗe da tsumma mai tsabta. Tana ta cewa in tashi kada mota ta bar ni. Na dubi tukunyar, na dubi layin ƙore da ke jira, na san in na tafi gobe da safe hannayen nan za su koma kan wuta. Motar ta tafi ba ni. Na ba direban saƙo ya gaya wa Malam.

Akwai maganar gicciyen da ke rataye a bangon babban ɗakin, wadda ita ma an juya ta a bakin mutane. Matan sun ce ba sa jin daɗin yin salla yana bisa kansu. Inna ta aika aka tambayi limamin ƙauyen da ke kusa. Ya ce a sauke shi a hankali, kada a karya, a mayar wa masu shi, ɗaki kuma a share a yi salla. Wani Buzu ya hau benci ya sauko da shi. Inna ta naɗe shi a cikin zaninta na sallar idi. Daga baya Malam ya kai wa wani mutumin gabas da ya dawo Batsari bayan yaƙi ya buɗe kantin magani. Ya ce mutumin hannu biyu ya sa ya karɓa. Inda gicciyen yake, farar ƙasar bangon ta fi sauran haske, har aka yi wa ɗakin fenti shekaru da yawa bayan haka ana ganin alamar.

Da na ga kwanaki suna tafiya, na koma Batsari don in ɗebi tufafi in kuma nemi izini yadda ya kamata. Na tarar da Iya a ƙofar ɗakinta tana tsefe wa yayarku kai, Malam yana tsaye a bakin zaure. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar duka, har ta tambayi jikin Inna. Yarinyar ta zabura za ta zo wurina, Iya ta riƙe kafaɗarta.

Ta ce, "Saude, kin kwana a ɗakinta?"

Na ce, "Na kwana, Iya."

"Kin ci abin da ta dafa?"

"Na ci. Ta warke tun ina ƙarama, likitoci sun faɗa."

Ta ce, "Likitocin sun tafi. Ni ban hana ki uwarki ba, Allah ma bai hana ki ba. Amma ki zaɓa. In kin dawo yau, ki yi wanka ki ƙona kayan jikinki, magana ta wuce. In kin koma can, to ki zauna can. Wannan kuwa ba inda za ta je. Ni na goya ta, ba zan zuba ido in ga an ware mata ƙwarya ba."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Ta taga ina jin yarinyar tana tambayar Iya ko na kawo mata mangwaro. Na yi tunanin a nan akwai mai tsefe mata kai, akwai mai ba ta tuwo ko da sau ɗaya ne a yini. A can kuwa akwai tsohuwa da wuta ke ci ba ta ji, kuma duk duniya ba ta da wani sai ni. Na ɗaure kayana. Da na fito, na tsaya a gaban yarinyar, ban taɓa ta ba don kada Iya ta sa a yi mata wankan toka. Na ce mata ta riƙa jin maganar Iya, zan kawo mangwaron. Na fita ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan tafi ba.

Ban sa rai da Malam ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, don uwa uwa ce. Wata rana da hantsi ina tsaye gaban tukunya sai na ji yara suna cewa ga amalanke. Na leƙo na ga mahaifinku yana tafe a gefenta, keken ɗinkinsa a ɗaure da igiya a sama, Abdu a zaune a kan buhun kaya yana riƙe da butar babansa. Ya cire takalmi tun daga bakin rijiya, ya durƙusa ya gaida Inna kamar yadda suruki ke yi. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zuba kunu a ƙwaryar da ta fi kyau, ta ajiye a ƙasa, ta ce mini in ɗauka in kai masa ɗaki.

Malam ya ce, "Inna, da kin miƙo mini da hannunki."

Ta ce, "Malam, ba a haka."

Ya ce, "Na sani. Yau dai ki miƙo."

Kun san suruki ba ya cin abinci a gaban uwar matarsa. Ya karɓa daga hannayenta naɗaɗɗu, ya ɗan juya gefe saboda kunya, ya sha, ya ba Abdu sauran. Inna ta shige ɗakin girki ta daɗe ba ta fito ba. Daga baya na tambaye shi abin da ya ce wa Iya. Ya ce ya gaya mata matarsa tana da tsohon ciki, wurin da take nan ne wurinsa, kuma duk Juma'a zai zo ya gaishe ta ko ta amsa ko ba ta amsa ba.

Aka ba mu ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan, wanda Inna ta ce na Sista Rosa ne. Gadon ƙarfe ɗaya ne a ciki da ƙusa a bango. Wannan shi ne rufin kwanon da ake cewa mahaifinku ya yi kwaɗayi. Masu kawo masa ɗinki suka ɗauke ƙafa, ba mai son rigar da aka ɗinka a gidan kutare. 'Yan'uwansa suka raba gonar gado suka noma rabonsa, ya ƙyale su. Keken da ya saba ɗinka rigunan salla ya koma ɗinka likkafani ƙanana, daga tsofaffin zannuwan gado da muka samu a kabad ɗin Sistoci. Shi yake wa yaran salla, shi da mazan baƙin suke kai su bayan dutse. Da labari ya kai ga hakimi, ya sa aka riƙa sauke mana wani abu daga hatsin taimako da gwamnati ta aiko. Masu allura ma suka zo suka kafa teburinsu a baranda. Daga nan mutuwar ta fara ja da baya.

A babban ɗakin na haifi Shehu, da rana tsaka, don ya fi ko'ina sanyi kuma matan suna nan. Dije ce ta karɓe shi ta yanke cibiya. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi matsowa. Dije ta goge shi ta naɗe, ta taka har inda take ta ɗora mata shi a kan hannaye. Da Abdu da yayarku ba wanda Inna ta taɓa ɗauka yana jariri tun bayan ciwonta, sai shi. To Shehu, in an sake ce maka a coci aka haife ka, ka ce haka ne, a ɗakin da wasu mata suka yi wa Allah addu'a irin tasu, wasu matan kuma suka yi salla. Ranar suna limamin nan ya zo, aka yanka ɗan akuyar Inna. Malam ya aika wa Iya da goro. Ba ta zo ba.

Abin da ya fi mini ciwo a shekarun nan ba talauci ba ne. Duk Juma'a Malam yana hawa keke ya je Batsari, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, ta amsa masa daga ciki. Ya dawo ya ba ni labarin yarinyar: ta yi famfara, ta fara zuwa makarantar allo, ta iya dama fura. In mangwaro ya nuna ina ba shi ya kai mata, a ce daga kasuwa ya sayo. Wani lokaci nakan je kasuwar Batsari ba don ina da abin saye ba, in tsaya a rumfar masu daddawa har in hango ta ta wuce da tallan Iya. Yayarku ta girma tana sanin uwarta ta fita ta bar ta a kan tabarma ana tsefe mata kai. Ba ƙarya ba ne, haka aka yi. Har yau in ta zo gidana a bakin tabarma take zama, kamar baƙuwa, sai na ce ta matso. Ban taɓa ganin laifinta ba, ku ma kada ku gani.

Da ruwa ya dawo, yawancin baƙin suka koma arewa. Waɗanda ba su da saniyar da za su bi suka nemi fili a bayan dutse suka fara noma, cikinsu har da Dije da mijinta. Unguwar da kuke gani a can yanzu su ne tushenta. Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati ta ce kowane yaro ya tafi makaranta. Azuzuwa ba su isa ba, aka zo aka duba Gidan Sista aka ce ya yi. Aka shafa baƙin fenti a bango ɗaya na babban ɗakin ya zama allo, bencinan addu'a suka zama na 'yan aji ɗaya, ɗakunan Sistoci aka ba malamai. Inna ta miƙa makullan ga hedimasta, ta gaya masa maganar rufe tagogi in hadari ya taso. Mu muka gina namu na ƙasa a gefen rijiya. Iyayen da suka ƙi kawo wa Malam ɗinki su ne suka dawo suna layi a yi wa 'ya'yansu kayan makaranta. Inna kuma ta ajiye randa a gindin mangwaro, yara suna fitowa hutun tara su sha, ba wanda ya gaya musu su ji tsoro.

Makarantar tana shekararta ta uku Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne da tari, bai ɗauke ta da tsawo ba. Ta cika da safe, yara suna karatu da ƙarfi a babban ɗaki. Hedimasta ya sallame su. Malam ya aika Batsari da Safana da ƙauyenmu, ya zauna ya ɗinka likkafanin da kansa. Mata suka taru a tsakar gida suna ta'aziyya, amma da aka zo maganar wanka sai kowa ta dubi ƙasa. Ban ji haushi ba. Na ce wa Dije ni da ita mun isa. Mun ɗora ruwa ke nan sai na ji gaisuwa a bakin ƙofa, muryar da rabona da ita tun ranar da na ɗaure kayana. Iya ce, ta tsufa, tana dogara sanda, yayarku a bayanta ta zama 'yammata tana riƙe da ƙullin sabulu da turare.

Na durƙusa zan gaishe ta, ta ce, "Tashi. Ina take?"

Na nuna mata ɗakin. Ta jingine sandar, ta naɗe hannun rigarta, ta ce wa Dije ta riƙa zuba ruwa, ni kuma in tsaya a wajen kai. Ta yi wankan a natse, yadda ta saba yi wa matan unguwarsu. Da ta zo kan hannayen sai ta dakata. Ta ɗauki na dama ta riƙe a cikin nata, tana bin guntayen yatsun da tabon ƙuna da babban yatsanta.

Ta ce, "Ina da ƙane mai suna Sale. Ni na yi renonsa. Yana ɗan saurayi abin ya kama shi, aka yi masa bukka a bayan gari. Ni nake kai masa tuwo, in ajiye a kan dutse in kira shi in gudu. Har ya mutu ban taɓa shi ba. Ko Malam bai san da shi ba."

Ta wanke hannun a hankali, ta wanke ɗayan, ta kwantar da su a gefen jikinta. Sannan ta ɗaga murya ta kira yayarku da ke tsaye a waje.

Ta ce, "Shigo ki ga kakarki kafin a rufe ta. Ki matso kusa. In kin gama, ki je ki zauna wurin uwarki, yau a nan za mu kwana."